Kafin ka yanki tikitin Indiya, duba ranakun bukukuwansu

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifiyata asibiti a Delhi, an ba mu zaɓi tsakanin farkon Nuwamba da Fabrairu. Tana fama da asma. Wani abokina ya ce kada in bari bikin Diwali ya wuce ni. Wanne zan ɗauka? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Muddin likita bai ce abin na gaggawa ba ne, ɗauki Fabrairu. Gaskiyar abokinka, Diwali abin kallo ne. Kwana 5 ake yi, gidaje da kasuwanni duk a jere da ƙananan fitilun kasko. Amma a daidai lokacin ne iskar Delhi ta fi lalacewa. Hayaƙin wasan wuta yana haɗuwa da na karan shinkafa da manoman Punjab da Haryana ke ƙonawa bayan girbi, ga sanyi ya fara shigowa, sai hayaƙin ya kwanta a kan birnin ya ƙi tashi. Mai lafiya ma tari yake yi, balle dattijuwa mai ciwon ƙirji. Ranar Diwali tana bin lissafin wata ne, tana faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba, don haka a duba ta kowace shekara.

Idan jinyar ta kai ku Maris, za ku iske Holi, ranar da ake watsa wa juna garin kala da ruwa a titi. A Mathura da Vrindavan aka fi raya ta. Hajiya ta zauna a masauki ranar, kuma kada ku sa ganin likita da safiyarta.

Tambaya: Ina sarin yadi, ina so in je Surat da Mumbai da kaina. An ce lokacin biki kaya sun fi araha. (Hajiya daga Damagaram)

Amsa: Hajiya, wannan arahar ta masu sayen ɗai-ɗai ce a kantuna da shafuka irin su Amazon da Flipkart. Mai sari kuwa, makon Diwali asarar kuɗin otal ne. Washegarin babbar ranar Diwali ita ce sabuwar shekarar mutanen jihar Gujarat, inda Surat take, kasuwannin yadi na Surat sukan rufe na kwanaki, masaƙa kuma su tafi garuruwansu. Ki je tun da sauran makonni, ko ki bari sai an dawo. A Mumbai ki kiyayi ƙarshen Ganesh Chaturthi, wani bikin mabiya addinin Hindu, wajen Agusta ko Satumba, domin jerin gwano zuwa bakin teku yana toshe hanyoyi, ga damina. Jirgin ƙasa ma cika yake da wuri. Ana buɗe sayar da tikiti kwana 60 kafin tafiya.

Ranaku 3 ba sa motsi, bankuna da ofisoshi a kulle: 26 ga Janairu, 15 ga Agusta, ranar da suka sami 'yanci a 1947, da 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Gandhi.

In azumi ko Sallah ta riske ki a can, ba za ki yi kewa sosai ba. Ki yi idi a Jama Masjid na Delhi, wanda aka kammala a 1656, ko ki sha ruwa da halim, wani faten alkama da nama, a kusa da tsohon ginin tarihi na Charminar a Haidarabad.