Ƙa'idojin fiƙihu biyar: sun ishe ka yanke hukunci?

Wa alaikumus salam. Ƙanena na Yamai, ka ji an ce fiƙihu duka ya tattaru a ƙa'idoji biyar, kana tambaya ko in ka haddace su ka huta da zuwa gaban malam.

Haddace su, Allah ya yi maka albarka: al'amura da niyya suke, shakka ba ta kawar da yaƙini, wahala tana jawo sauƙi, cuta gusar da ita ake yi, al'ada kuma ana hukunci da ita. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya yi musu dogon sharhi a Al-Ashbah wan-Naza'ir. Sai dai malamai ba daga nan suka faro ba. Sai da suka bi mas'aloli ɗaya bayan ɗaya, sannan suka tace waɗannan daga ciki.

Na daɗe ina biya wa ɗalibai Risala a zaure a nan Tawa, kuma wuri guda ne masu ƙa'ida a baki suke tuntuɓe kullum. Ka tabbata ka yi alwala, sai ka yi kokwanto ko ta karye. In ƙa'ida ta biyu kaɗai ka riƙe, cewa za ka yi alwalarka tana nan, haka kuwa Shafi'awa da Hanafawa suke cewa. Amma Ibn Abi Zaid, malamin Malikawa mai littafin Risala, ya ce sake ta. To Malikawa sun yar da ƙa'idar ke nan? Ko kusa. Alƙarafi, mai Al-Furuƙ, ya nuna yaƙinin da suka duba wani ne daban: tabbas salla bashi ce a wuyanka, ba ka sauke ta da tsarkin da kake shakkarsa. Mai waswasi kuma, wanda shakka ke zuwa masa kowace rana, an ɗauke masa wannan, ya yi sallarsa kawai. Wallahi na ga dattijon da ya yi shekaru yana wanke gaɓɓai har fatarsa ta tsage a hunturu, don ba wanda ya gaya masa wannan rangwame.

Su ma masu falsafa haka suke tuntuɓe in suka riƙe ƙa'ida kaɗai. Kant, Bajamushen da ya rasu a 1804, ya ce kada ka aikata abu sai wanda ka yarda ya zame wa kowa doka. Ya riƙe ta har ya haramta yi wa mai kisa ƙarya in ya zo neman inda abokinka ya ɓuya. Ban yarda da shi a nan ba. Ceton rai yana gaba.

Ka samu malami a unguwarku ku fara da Ahalari, ku wuce Ishmawi da Risala. Duk mas'alar da kuka biya, tambaye shi wace ƙa'ida ce a ƙarƙashinta.