Kalmar "sorry": sannu ce ko neman gafara?

Tambaya daga wata 'yar Kano da ke aikin jinya a Ingila: "Malam, abokiyar aikina Baturiya ta yi tuntuɓe ta zubar da shayi, na ce mata sorry, sai ta ce wai ai ba laifina ba ne. Kuskure na yi?"

Malama, niyyarki daidai take, sai dai sannu kika yi mata da bakin Turanci, ita kuwa neman gafara ta ji. A Najeriya da Gana an daɗe da ɗora wa "sorry" aikin sannu: wanda ya faɗi, wanda ya ƙone, wanda kansa ke ciwo, duk ita ake ce masa. Mutumin Ingila kuwa in ya ji ta ita kaɗai, ba a haɗa ta da komai ba, amsa laifi yake ji. Wanda ya yi tuntuɓe tambayarsa suke yi ko lafiya, wato "are you all right?". In jaje ne ko ta'aziyya, sai an ja zancen: "sorry to hear that", ko "sorry for your loss".

Abin da zai ba ki sha'awa shi ne asalin kalmar ya fi kusa da yadda muke amfani da ita. A tsohon Turanci "sarig" ce, daga "sar", ciwo ko miki, tushen da ya haifi "sore" ta yau. Mai cewa "sorry" tun fil'azal cewa yake abin ya yi masa ciwo, ko shi ya jawo ko ba shi ba. Mutane da yawa suna zaton 'yar "sorrow" ce, wato baƙin ciki, alhali tushensu daban ne, kama ce kawai ta sa suka shaƙu. Daga baya aka yi ta ƙara mata kaya: da ita ake neman hanya a cunkoso, da ita ake cewa a maimaita magana, da ita ake ƙin abu cikin ladabi, har ma a siffanta abin da ya lalace da ita, kamar "a sorry state".

'Yan'uwanta ma kowacce da halinta. "Apology" daga Girkanci take, kuma ma'anarta ta farko kare kai ne a gaban shari'a, irin jawabin da masanin falsafa Sokrates ya yi a birnin Atina na Girka a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, jawabin da babu ko ɗigon tuba a cikinsa. "Regret" kuwa takaici ne, mutum yana iya takaicin abu ba tare da ya ɗauki alhakinsa ba. 'Yan siyasa sun san wannan sarai. A Ostireliya, kan raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu, Firaminista John Howard ya tsaya a kan "regret" a 1999, ya ƙi furta "sorry". Sai ranar 13 ga Fabrairu 2008 magajinsa Kevin Rudd ya tashi a majalisa ya ce "sorry". Tunda kuma asibiti kike aiki, ki sani dokar biyan diyya ta Ingila ta 2006, a sashe na 2, ta ce neman afuwa shi kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci. Sai da aka yi doka saboda tsoron kalma ɗaya!

Hausa ba ta cusa waɗannan a buhu guda ba. Tausayi yana da nasa: sannu, ayya, Allah ya sawwaƙe, Allah ya kiyaye gaba. Gobara ko sata jaje ake zuwa, rasuwa kuwa ta'aziyya. Laifi ma da nasa: gafara da afuwa da tuba, duka ukun daga Larabci, sai yafiya, sai nadama da da-na-sani, wadda aka ce ƙeya ce, a baya take.

Wadda ta fi damuna ita ce "yi haƙuri". Ɗalibai sukan ɗauka ita ce "sorry" sak, amma ki duba wanda aka ɗora wa aikin. Wanda aka cuta shi ake umarta ya daure. Shi ya sa mai laifi zai ce da kai ka yi haƙuri, ɗan kallo ma ya ce, mai sulhu ma ya ce, ba a gane wa ya amsa laifi ba. Kalma ce mai daraja, ta kashe wutar rigima ba adadi, amma na ga yadda masu ƙarfi ke fakewa da ita: a riƙe wa lebura haƙƙinsa wata da watanni, sannan a ce ya yi haƙuri. Wanda ya yi nufin gyara da gaske cewa yake "na yi kuskure, ka yafe mini", domin a nan ne ya ambaci kansa. Yara masu jefa wa iyayensu "sori" suna wucewa kuwa, ba su ba da haƙuri ba, ba su kuma amsa laifi ba.

Tambaya ta biyu daga wani malamin makaranta a Maraɗi: "Mene ne gafara a cikin 'mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba'? Sa ake neman gafararsa?"

A'a, Malam. Gafara a nan neman hanya ce, kamar "gafara dai" da ake yi in za a shiga gida ko za a ratsa mutane. Mai jan sa a lungu ko a kasuwa yakan ɗaga murya "gafara, sa!" don jama'a su kauce kada a tunkuye su. To, an yi ta kaucewa, an yi ta waiwaye, ko ƙaho bai ɓullo ba, balle san. Ana faɗar karin maganar ga mai yawan alkawari ko barazana da ba a taɓa gani a ƙasa ba, shi ya sa take yawo a bakin mutane lokacin yaƙin neman zaɓe. Gafarar da ke cikin "Allah gafarta Malam" kuwa ita ce ta asali, ta yafe zunubi, kuma addu'a ce da ta zama lafazin girmama malamai.