Tambayi Malama: Ɗana ba ya dawowa da aikin gida, sai tambayoyi

Assalamu alaikum Malama, Allah ya ƙara basira. Ɗana shekararsa 9, bara muka mayar da shi wata makaranta a nan Jos da ta ce tsarin Montessori take bi. Tun da ya shiga ba kasafai yake dawowa da aikin gida ba, sai tambayoyi. Yau ya ce me ya sa Jos ta fi Bauchi sanyi, gobe ya ce ina aka kai kuzar da aka haƙa. Kuma aji ɗaya aka haɗa su da 'yan shekara 11. Babansa ya ce asarar kuɗi muke yi, yaro zai je jarrabawar shiga sakandare bai iya komai ba. Mu cire shi ko mu bar shi?

Maman Sadiq, Unguwar Rogo, Jos

Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Amin, na gode. Kada ku cire shi tukuna, amma kada ku zauna a kan abin da makaranta ta faɗa muku kawai. Maigida yana da gaskiyarsa, za mu zo kanta.

Maria Montessori, wadda ta ƙirƙiro wannan tsari, likita ce 'yar ƙasar Italiya, an haife ta a 1870, ta rasu a 1952. Ta buɗe ajinta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa da ke birnin Rum. Mu nan mun fi ganin sunanta a allon makarantun nazare, shi ya sa da yawa suke zaton tsarin na ƙananan yara ne kaɗai. Alhali ta yi wa 'yan shekara 6 zuwa 12 nasu tsarin, ta kuma faɗaɗa shi tare da ɗanta Mario lokacin da suka zauna a Indiya a shekarun yaƙin duniya na biyu. Abin da ta lura shi ne yaro a wannan shekarun ya wuce "mene ne wannan", ya koma "me ya sa" da "ta yaya". Ana raba su aji biyu, 'yan 6 zuwa 9 da 'yan 9 zuwa 12. Haɗa Sadiq da waɗanda suka girme shi da gangan aka yi: ƙarami ya ga inda zai kai, babba kuma in ya koya wa ƙaninsa lissafin rabawa sai ya ƙara zauna masa.

A farkon kowace shekara malama tana ba su manyan labarai biyar: yadda duniya ta samu, yadda rayuwa ta bayyana a bayan ƙasa, zuwan ɗan Adam, tarihin rubutu, da tarihin lambobi. Ba a ba su don a haddace ba. Ana ba su ne don su tayar da tambayoyi, daga tambayoyin kuma aiki ya fito.

Mu ɗauki tambayar sanyin nan, don ni ta burge ni ƙwarai. A ajin da ya san abin da yake yi, malama ba za ta ce masa "saboda Jos tudu ce" ta wuce ba. Za ta ba shi ma'aunin zafi, shi da abokinsa su riƙa aunawa safe da rana na wasu makonni suna rubutawa a jadawali. In sun tara, sai ta zaunar da su ta nuna musu yadda ake fitar da matsakaici, ga tarawa da rabawa sun shigo ba tare da an ce a buɗe littafin lissafi ba. Sai su ɗauko taswira su ga Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, Bauchi kuwa wajen mita 600. Su karanta cewa duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da kusan digiri shida da rabi, su lissafa da kansu cewa bambancin garuruwan biyu zai kai wajen digiri huɗu. A ƙarshe su rubuta rahoto, malama ta gyara musu nahawu, su tsaya gaban 'yan aji su bayyana. Yaron da ya bi wannan hanya, ko bayan shekara ashirin kika tambaye shi zai faɗa miki dalilin, don shi ya gano.

Tambayar kuza kuwa, ai Jos ce garinta. A tsarin akwai abin da yara suke yi na fita neman amsa a waje, kuma su ne masu shirya tafiyar: su rubuta wasiƙar neman izini, su lissafa kuɗin mota, su tsara tambayoyinsu, babban mutum ya raka su yana biye. Ga gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda za su ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza ne suka fara tono su. Za su ji yadda aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Bukuru don kwashe kuzar zuwa Ingila, inda ake shafe gwangwanin abinci da ita. Kududdufan da ke wajen Bukuru da Rayfield ma ramukan haƙar ne. Ina roƙon iyaye a nan, a ja wa yara kunne kan waɗannan kududdufai, suna da zurfi kuma sun ci rayuka.

Yanzu ga inda maganar maigida take da ƙarfi. Sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya ga dama zai iya rubuta shi a allon makarantarsa. Na shiga makarantu da kayan aikin suke kulle a kabad, sai ranar da iyaye za su zo a fito da su a share ƙura. Na kuma ga inda aka ɗauki "yaro ya zaɓi aikinsa" a matsayin a sake shi ya yi ta zane har a tashi. Wannan cutar yara ce da iyayensu, kuma yana ba ni haushi.

Saboda haka ki nemi izini ki zauna a ajin safiya guda, ke da Baban Sadiq in zai samu sarari. Makarantar ƙwarai ba za ta hana ba. Ya kamata ku ga an ba yara lokacin aiki mai tsawo, kusan awa uku, ba ƙararrawa tana katse su ba. Za ku ji surutu, amma ku saurara ku ji ko kan aiki ne. Malama tana gefe da yara huɗu ko biyar tana ba su darasi, idonta kuma na kan sauran. Idan kun ga yaro ya yi rabin awa yana yawo ba wanda ya kula, akwai matsala. Ku ce a nuna muku littafin da Sadiq yake rubuta abin da ya yi kowace rana, da rajistar da malama take rubuta darussan da ta ba shi. Ku tambaye ta inda ta yi horo, kuma horon na 'yan 6 zuwa 12 ne ko na nazare, don ba ɗaya ba ne.

Batun jarrabawa kuma, hukumar NECO ce ke shirya ta shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, a kan manhajar ƙasa. Shugabar makaranta ta nuna muku yadda suke tabbatar da sun cika wannan manhaja. A ganina, duk kyawun tsarin, a shekarar ƙarshe sai yaro ya saba da tambayoyin shekarun baya, da amsawa cikin ƙayyadadden lokaci, da cike takardar amsa da fensir. Wani bincike da wata malamar jami'a, Angeline Lillard, ta wallafa a mujallar Science a 2006 kan yaran birnin Milwaukee na Amurka ya nuna 'yan shekara 12 na Montessori sun fi takwarorinsu iya rubutun ƙirƙira da zama da mutane, amma a lissafi da karatu kusan kunnen doki suka yi. Kada kowa ya yi muku alkawarin abin al'ajabi.

A gida ma ki gwada shi cikin hira: bakwai sau takwas nawa ne, ya karanta shafi ya ba ki labarinsa, ya rubuta wa kakarsa wasiƙa. Idan ya kasa, ki je wa malama da maganar kai tsaye. Ki kuma nemi jin yadda suke ba da labarin asalin rayuwa da na ɗan Adam, don wasu makarantu suna kawo bayanin da ya saɓa da abin da yake ji a Islamiyya. Gara ki sani tun da wuri, ku zauna da shi ku yi magana.

*

Malama, ni malamin aji biyar ne a makarantar gwamnati, ɗalibaina sun haura saba'in, ba mu da kayan aiki. Akwai abin da zan iya ɗauka daga wannan tsari?

Malam Ɗ., Bukuru

Akwai, Malam, Allah ya saka maka. Ba za ka iya dukan tsarin da yara saba'in ba, amma ka ware darasi biyu a jere ranar Alhamis. Ka ajiye kwali su riƙa jefa tambayoyinsu cikin mako, ka zaɓi guda goma, ka raba su rukuni-rukuni, ka sa mai ƙoƙari a kowane rukuni. Wasu su auna inuwar sandar tuta kowace awa, wasu su tambayi masu sayar da dankalin Turawa a kasuwa daga ina yake zuwa da nawa buhu, wasu su nemi dattijon da ya yi aikin kuza su rubuta abin da ya faɗa. Sharaɗin shi ne kowane rukuni ya kawo rubutaccen shafi da lissafi ko zane, su karanta a gaban aji. Ka sanar da hedimasta kafin ka fara, kuma duk aikin da zai fitar da yara waje a yi shi da sanin iyayensu.