Ku Tambaya Mu Amsa: Sirrin Waya, Katse Layi da Jirgi Marar Matuƙi

Wasiƙun wannan makon daga Katsina da Daura suka fi zuwa. Lauyan shafin da masanin harkar sadarwa ne suka haɗu wajen amsawa.

Daga wata malamar firamare, Ƙofar Ƙaura, Katsina: Na ci bashin naira dubu 30 a wata manhajar ba da lamuni. Da na makara wajen biya, sai suka tura wa surukata da hedimastanmu da duk wanda ke cikin wayata saƙo da hotona, wai ni ɓarauniya ce. Suna da ikon yin haka, tunda ni na danna na amince?

Malama, Allah ya ba ki haƙuri. Ba su da wannan iko. Lambobin da ke wayarki na masu su ne, kuma surukarki ba ta taɓa amince wa kowa ya ɗauki lambarta ba, ke ma ba ki isa ki amince a madadinta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce duk wanda ya karɓi bayanan mutum, sai ya yi amfani da su a kan abin da ya ce zai yi kaɗai. Tantance mai neman bashi daban, tozarta shi a gaban dangi daban.

Kada ki yi saurin goge manhajar, nan ne mutane da yawa ke zubar da hujjarsu. Ki fara ɗaukar hoton fuskar waya na sharuɗɗan bashin, da adadin da aka ba ki, da ruwan da aka ɗora, da ranar biya. Ki roƙi mutum biyu ko uku cikin waɗanda aka tura wa saƙon su aiko miki da hotonsa, yadda lambar mai turawa da kwanan wata za su fito. Sannan ki shiga saitin waya, ki buɗe jerin manhajoji, ki zaɓi tasu, ki je sashen izini, ki janye musu damar ganin lambobi da hotuna da saƙonni da wurin da kike. Wannan zai hana su ɗibar sabo, amma abin da suka kwashe tun ranar da kika sauke manhajar yana can a rumbunsu. Shi ya sa za ki rubuta musu takarda ki nemi su goge shi, domin dokar ta ba ki wannan haƙƙi.

Ƙorafi kuma wuri biyu za ki kai: hukumar kare bayanai ta NDPC, da hukumar kare masu saye ta FCCPC, wadda tun 2022 ta wajabta wa masu ba da bashi ta waya yin rajista da ita. Ƙarar ɓata suna ma a buɗe take a kotu. Bashin dai yana nan a kanki. Ki biya ta banki ki adana shaidar biya. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin lamuni da ke shagonsa taɓa lambobi da hotunan mutane, don haka duk wadda aka turo miki ta WhatsApp aka ce ki sauke kai tsaye, akwai dalilin da ya sa ta ƙi bi ta ƙofa.

Daga wani ɗalibi, Daura: Gaskiya ne gwamnati na karanta saƙonninmu na WhatsApp?

Ɗan'uwa, tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, wayar mai turawa da ta mai karɓa ne kawai ke da mabuɗi. Kiran waya na yau da kullum da tes ba su da wannan kulle. Sannan akwai sawun da kake bari: wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa, daga wane turken sadarwa. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya umarci kamfanonin waya su adana irin wannan har shekara 2, kuma jami'an tsaro na iya nema. Layinka kuwa a ɗaure yake da lambarka ta NIN.

Yawancin asirin da ke tonuwa, daga hannun mutane yake fita: ɗan guruf ya ɗauki hoton hira, ko a kira ka a ce an yi kuskuren turo maka wata lamba mai alƙaluma shida, ka karanto, alhali lambar shiga WhatsApp ɗinka ce. Kada ka ba kowa ita. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da kai kaɗai ka sani, ka kuma kunna kullen ajiyar hirarka da ke Google Drive, domin ba ta kulluwa da kanta.

Daga wani mai POS, Jibiya: A 2021 an katse mana layin waya wata da watanni. Doka ta yarda da haka? In an sake, me za mu yi?

Alhaji, a Satumban 2021 ne aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara. Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa duk suna ciki, kuma sai a Disamba aka fara mayarwa. Hujjar hukuma ita ce a raba 'yan bindiga da infoma. Sashe na 148 na dokar sadarwa ta 2003 ya ba hukumar sadarwa ta NCC damar dakatar da layi a lokacin ta-ɓaci, sashe na 45 na tsarin mulki kuma ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi saboda tsaro, da sharaɗin doka ta tanada kuma hankali ya ɗauka.

A wannan sharaɗin ne muke da ja. Matakin ya faɗa kan kowa lokaci guda: mai naƙuda da ke neman mota, manomin da zai sanar da maƙwabtan gari an taho musu, da irinku da cinikinku ya tsaya cak. Ɗan bindiga kuwa yana da oba-oba, na bakin iyaka kuma yana iya kama layin Nijar. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta ce a 2019 bai kamata gwamnati ta katse wa wani yanki intanet ba, kotun ECOWAS ma ta yanke a 2022 cewa rufe Twitter da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa doka. In an sake, ku nemi abu uku ta hannun ƙungiyarku da ɗan majalisarku: a nuna umarnin a rubuce, a faɗi ranar ƙarewa, a bar hanyar kiran gaggawa ga asibitoci da masu gari. Ku riƙa rubuta asarar kowace rana, kotu lissafi take so.

Daga wani limami, Batsari: Muna jin ƙugin jirage marasa matuƙi da dare. Bayan abin da ya faru a Tudun Biri, mutane na tsoron taron Mauludi da na biki. Shin yaƙi da na'ura yana da ƙa'ida, kuma wa ke da alhaki in an kashe bayin Allah?

Allah gafarta Malam, yana da ƙa'ida, kuma na'ura ba ta ɗauke wa kowa alhaki. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta Kaduna; hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ƙirga gawar mutum 85, rundunar kuma ta amsa cewa ita ce. Kafin nan, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno. Ko Amurka, da duk kayan aikinta, ta kashe fararen hula 10 a Kabul ranar 29 ga Agusta 2021, bakwai daga cikinsu yara, bayan ta ɗauki jarkokin ruwa a matsayin kayan fashewa.

Yana da kyau a san yadda kuskuren ke faruwa. Mai sarrafa jirgin yana zaune ne nesa a gaban allo. Da dare kyamarar zafin jiki yake amfani da ita, wadda ke nuna mutum kamar farar inuwa, ba fuska, ba launin tufafi, sanda da bindiga kuma kusan kamanninsu ɗaya daga sama. Sai ya koma fassara motsi: babura sun taru, mutane sun yi da'ira a bayan gari cikin dare. A ƙasar Hausa haka ma taron zikiri yake, haka zaman makoki yake. In aka dogara da sawun waya, shi ma layi yake nunawa, ba ya faɗin wanda ke riƙe da wayar, kuma turke ɗaya a karkara yana ɗaukar faɗin kilomita da yawa. In aka haɗa wannan da rahoton mai tsegumi guda wanda ba a bincika ba, to an shirya ɓarna.

Dokar yaƙi, wato yarjejeniyoyin Janiba na 1949 da ƙarinsu na 1977 waɗanda Najeriya ta amince da su, ta ɗora wa mai kai hari nauyi uku. Ya bambanta mayaƙi da farar hula. Ya auna, kada ɓarnar da za ta shafi jama'a ta rinjayi amfanin harin. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen tabbatarwa, in kuma shakka ta shigo ya ɗauki mutanen a matsayin fararen hula ya dakata. Malam ya fi mu sanin wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya. A ganinmu jirgi marar matuƙi ma ya fi ƙarancin uzuri: irin wanda ake kira Bayraktar TB2 na iya kwana ya wuni a sama, mai sarrafa shi ba ya cikin haɗari, saboda haka yana da lokacin da zai jira gari ya waye ya sake dubawa. Ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda da aka yi a Janairun 2022 bai mayar da ƙauyen da suke ratsawa abin hari ba. Alhaki yana kan wanda ya ba da umarni, da wanda ya harba, da wanda ya kawo bayanin da bai tantance ba.

Kafin taron dare, ku sanar da hakimi da DPO da sansanin soja mafi kusa a rubuce: rana, awa, wuri, da kimanin yawan jama'a. Ku riƙe kwafi mai sa hannun wanda ya karɓa, ku yi taron a cikin gari inda akwai haske. Rashin sanarwa ba ya halatta jinin kowa, kariya ce kawai kuke ƙarawa.

In abu ya faru, Allah ya kiyaye, bayan an kwashe masu rauni kada a koma a yi cincirindo a wurin, domin waɗanda suka tsira a Tudun Biri sun ce hari na biyu masu kai ɗauki ya samu. Kada yara su taɓa ɓaraguzan ƙarfe, wani bai gama fashewa ba. A ɗauki hotonsu daga nesa. A rubuta sunan kowane mamaci da shekarunsa da lokacin da abin ya faru tun kafin jana'iza. Bidiyo kuma a bar na asali a wayar da ta ɗauka, in za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse shi ta goge bayanan lokaci da wuri. Da waɗannan za ku je ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Katsina, ku kuma nemi lauya ya shigar da ƙarar neman diyya.