Amsa: Yadda za a gane kurtun tawada na gilashi da aka hura a mazubi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kurtun tawadar da ka saya mai kusurwa takwas hurawa aka yi ko aikin inji ne. Fara da duba layin da ya taso a jikinsa, wato inda ɓangarorin mazubin ƙarfe suka haɗu lokacin da mai aikin ya hura narkakken gilashi a ciki. Idan layin ya ɓace kafin ya kai baki, to da hannu aka gyara bakin. Idan kuwa ya haye har saman bakin, galibi aikin inji ne, irin wanda ya yaɗu bayan Michael Owens ya ƙera injinsa a Amurka a 1903.

Sai ka juya gindinsa ka shafa da yatsa. Tabo mai kaushi a tsakiya alama ce ta sandar da aka riƙe shi da ita lokacin gyaran bakin, dabarar da aka fara bari tun wajejen 1860, kuma a ganina ya fi launi ko ƙananan kumfan ciki zama hujjar cewa hurawa aka yi, domin masu kwaikwayo sun iya waɗannan. Kada ka goge tabon, darajar kurtun za ta faɗi.