Na zuba kuɗi wurin Alhaji sun maƙale: wa zai ɗauki asara, kuma maganarsa giba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni tsohon malamin firamare ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Da aka biya ni kuɗin sallama, sai na kai naira miliyan 2 wurin wani Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi da mutane ke ba kuɗi yana juya musu. Ya ce duk wata zai riƙa ba ni dubu 100, uwar kuɗi kuma tana nan duk ranar da na so. Ya biya wata bakwai, sai ya tsaya, wai masarar da ya tara a Dandume ta faɗi. Yanzu majalisarmu ta rabu biyu. Wasu na cewa mutumin kirki ne, ya gina masallaci, ya kai mutane Makka, ƙaddara ce ta faɗa masa. Wasu na cewa macuci ne tun fil azal. Shin dole ne ya biya ni? Kuma maganarsa da muke yi giba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin a tambayi wane ne Alhaji, sai a tambayi wace irin yarjejeniya kuka ƙulla, don hukuncin yana nan ne.

Ba wa mutum jari ya juya a raba riba halal ne. Malikiyya suna kiransa ƙiradi, wasu kuma mudaraba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Musa al-Ash'ari, yana gwamnan Basra, ya ba Abdullahi da Ubaidullahi 'ya'yan Sayyidina Umar kuɗin baitulmali su kai Madina. Suka sari kaya a Iraƙi, suka sayar, suka ci riba. Umar ya nemi su miƙa ribar duka, daga baya aka mayar da abin ƙiradi: ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba. Ka lura, kaso aka yanka daga ribar da ta tabbata. A ƙiradi ana cewa rabi, ko sulusi, ba a cewa dubu 100 duk wata, don babu wanda ya san abin da kasuwa za ta haifa. Kuma ba a ɗora wa mai juyawa sharaɗin lamunin jari. Idan asara ta zo ba da sakacinsa ba, mai kuɗi ya rasa kuɗi, shi kuma ya rasa wahalarsa.

Naku ya saɓa wa duka biyun. An lamunce maka uwar kuɗi, an yanka maka ƙari sananne. Ko da wane suna aka kira shi, wannan rance ne da ruwa, wato riba da Allah ya haramta, kuma laifin yana kanku ku biyu. Aya ta 279 a Baƙara ta ce idan kun tuba, kuna da uwar dukiyarku, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba. Saboda haka abin da nake gani shi ne Alhaji zai biya ka, faɗuwar masara ba ta sauke masa bashi ba. Amma dubu 700 da ka karɓa za a cire su daga jari, saura miliyan 1 da dubu 300. Na san wannan lissafi ba zai yi maka daɗi ba. Idan ya tabbata ya karye da gaske, aya ta 280 ta ce a jinkirta masa zuwa lokacin da ya samu sauƙi.

Da a ce ƙiradi sahihi kuka yi, da maganarsa ake kamawa tare da rantsuwa, sai fa in 'yan kasuwar hatsi sun ce irin wannan asara ba ta faru ba, ko aka gano ya bayar da kayan bashi ba da izini ba, ko ya miƙa kuɗin ga wani ya juya, ko ya ci gida da su. Nan sai ya biya.

Akwai abin da ya fi damuna. Masarar da aka saya da kaka aka kulle a sito ba ta haihuwa duk wata. To dubu 100 ɗin daga ina suke fitowa? Ban ce Alhaji ya yi haka ba, amma sau da yawa kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga, kamar yadda harkar zuba kuɗi ta intanet mai suna MMM ta yi har ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. A Amurka ma Bernard Madoff, wanda ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, da irin wannan ya cinye biliyoyin daloli, aka yanke masa shekara 150 a 2009. Sunansa ne ya hana mutane tambaya. Gina masallaci aikin lada ne, amma ba ya zama littafin lissafi.

Masu karɓar kuɗin jama'a kuma su duba Zubairu ɗan Awwam. Bukhari ya ruwaito cewa idan aka kawo masa ajiya yakan ce a'a, sai dai a matsayin bashi, don yana tsoron ta salwanta. Da ya rasu aka samu bashin miliyan 2 da dubu 200 na kuɗin wancan zamani a kansa. Ɗansa Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, sannan ya yi shekara huɗu yana shelar neman masu bin mahaifinsa bashi a lokacin aikin Hajji kafin ya raba gado.

Batun giba kuwa, ya danganta da mai magana da wurin da ake yin ta. Kai da aka riƙe wa kuɗi kana da damar kai kuka wurin alƙali, ko shugabannin kasuwa, ko duk wanda zai iya karɓo maka haƙƙinka. Aya ta 148 a Nisa'i ta ba wanda aka zalunta wannan. Wanda kuma ya zo neman shawara zai zuba nasa kuɗin, wajibi ne ka faɗa masa abin da ya same ka. Annabi (SAW) ya gaya wa Faɗima 'yar Ƙaisu aibin Mu'awiya da Abu Jahm da suka nemi aurenta, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Amma ka tsaya kan abin da ka sani: ya yi alkawari kaza, ya daina biya wata kaza. Cewa macuci ne tun asali hukunci ne a kan zuciya, babu mai hujjarsa a majalisarku. Masu wanke shi ma su yi hattara, don idan wani ya kai kuɗinsa saboda shaidarsu, sun yi tarayya a cutar da shi. Sauran da ba su zuba ko sisi ba, suna juya zancen don daɗin shayi ko a WhatsApp, tasu giba ce tsagwaronta.

Ku masu bin sa bashi ku haɗu, ku nemi dattawan kasuwa su sa shi ya buɗe sito da littafi a ƙirga buhunan da suka rage, a rubuta bashin kowa da shaidu biyu da lokacin biya. Idan ya ƙi, ku tafi kotun shari'a. Wallahu a'alam.