Kada kalmar sirri ta shiga cikin Jenkinsfile

Malam, ka tambayi yadda Jenkins, manhajar da ke haɗa manhajoji da tura su kai tsaye, zai riƙa tura manhajarka zuwa Docker Hub, wato ma'ajiyar manhajojin Docker ta intanet, ba tare da ka rubuta kalmar sirri a cikin Jenkinsfile ba, wato fayil ɗin da ke ɗauke da matakan aikin. Ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya, domin duk abin da ya shiga Git, manhajar da ke adana tarihin fayilolin aikinka har da Jenkinsfile, yana nan daram a tarihin ma'ajiyar ko da ka goge shi daga baya.

Shiga Manage Jenkins, sannan Credentials, ka ajiye sunanka na Docker Hub da kalmar sirrin, ka ba su suna kamar dockerhub. A cikin Jenkinsfile sai ka kira su da umarnin withCredentials, a daidai matakin da ake buƙatarsu kawai.

Ga inda na fi so ka kula. Idan za ka rubuta umarnin sh, wanda ke gudanar da umarni a kan injin, yi amfani da alamar ' guda ɗaya, ba mai biyu (") ba. Da mai biyu, Groovy, yaren da ake rubuta Jenkinsfile da shi, shi ne ke cusa sirrin cikin umarnin tun kafin ya gudana, kuma wani mai duba jerin ayyukan injin yana iya ganinsa. Taurarin da Jenkins ke rufe sirri da su a rahoto ma kada su ruɗe ka. Duk wanda ke da ikon gyara Jenkinsfile zai iya fito da shi. Saboda haka ka ajiye sirrin a babban fayil (folder) na wannan aikin kaɗai a cikin Jenkins.

Ni dai da mabuɗin shiga (access token) na Docker Hub nake aiki maimakon ainihin kalmar sirri, saboda sokewa ba wuya. Ga misalin amfanin hakan: a Janairun 2023, bayan an kutsa wa CircleCI, kamfanin da ke irin aikin da Jenkins ke yi, kamfanin ya nemi abokan cinikinsa su sauya duk sirrin da suka ajiye a wurinsa.